Baje kolin zane na mata zalla a Amurka: in biya kuɗin tantancewa in shiga, ko asara ce?

Tambaya: Anti, barka da aiki. Na gama karatun zane-zane a Zariya shekara biyu da suka wuce, ina aiki da fenti da kuma zare a kan yadi. Na ga sanarwa daga wani gidan baje koli a Chicago mai suna Woman Made Gallery, suna neman ayyuka daga mata da kuma waɗanda ba sa ɗaukar kansu maza ko mata. Sun ce a biya kuɗi da dala, a tura hotunan aiki, sannan wata alƙaliya ta zaɓi waɗanda za a rataya. Abu uku ke damuna. Anya ba damfara ba ce a ce sai na biya kafin a duba aikina? Baje kolin mata zalla ba zai sa a raina aikina ba, a ce don ina mace aka ɗauke ni? Idan kuma zan shiga, me zan yi don kada kuɗina ya tafi a banza?

Amsa: Ƙanwata, barka kadai, Allah ya sa albarka a karatun da kika yi. Gidan da kika ambata na gaskiya ne. Kelly Hensen da Beate Minkovski ne suka buɗe shi a 1992, lokacin suna ɗalibai a jami'ar Northeastern Illinois, suna neman wurin da za su nuna aikinsu na kammala karatu. Wurin ya ci gaba da rayuwa bayan nan a matsayin ƙungiyar da ba ta neman riba, kuma dubban masu zane sun rataya aiki a bangonsa. Suna shirya baje koli sau da dama a shekara, kowanne da jigonsa da alƙalinsa, akwai kuma wanda suke buɗe wa duk duniya kowace shekara. To ta wannan fuskar ki kwantar da hankalinki. Sai dai gaskiyar gida ba ita ce ke nuna cewa ya dace ki biya ba, wannan lissafi ne dabam, zan zo kansa.

Bari in fara da abin da kuɗin yake saya, domin a nan ne yawancin sababbin masu zane suke ƙonewa. Kuɗin tantancewa ba ya saya miki gurbi a bango. Abin da yake saya shi ne a ɗora hoton aikinki a gaban idon mutum ɗaya, ko mutum biyu zuwa uku, na ɗan lokaci. Idan ba a zaɓe ki ba, kuɗin ba ya dawowa. A ƙananan gidajen baje koli na Amurka kuɗin yakan kama daga dala 25 zuwa 40 don ayyuka kamar uku, kuma da shi ake biyan alƙali ɗan abin hasafi, a biya hayar wuri da wutar lantarki da buga katin gayyata. Ma'ana, waɗanda aka ƙi su ne suke ɗaukar nauyin baje kolin waɗanda aka karɓa. Ni kaina abin bai taɓa kwanta mini sosai ba, kuma a can ma ana muhawara a kai. Akwai wata ƙungiya a New York mai suna W.A.G.E. da aka kafa a 2008, fafutukarta ita ce cibiyoyi su riƙa biyan mai zane idan sun nuna aikinsa, maimakon shi ya biya. Ina tare da su a zuciya. Amma na kuma san yadda ƙaramin gida marar attajiri a bayansa yake fama kafin ya biya hayar wata, don haka ba na kiran tsarin damfara. Ina kiransa caca mai tsabta, wadda za ki iya rage haɗarinta idan kin san yadda ake yinta.

Damfara ta gaskiya kamanninta dabam. Ita ce wadda za a aiko miki da saƙo ba ki nema ba, a ce an ga aikinki a Instagram an yaba, an zaɓe ki tun kafin ki tura komai, sai ki biya ɗaruruwan daloli na kuɗin bango ko na buga sunanki a wani kundi. Irin waɗannan wurare kowa suke ɗauka muddin ya biya, kuma masu harkar sun san su, don haka sunansu a takardar tarihin aikinki ba ya ƙara miki komai. Alamar sanarwa ta ƙwarai ita ce za ki ga sunan alƙali ƙuru-ƙuru, ki iya bincika ko wace ce, ki ga adireshin gidan, da ranar buɗewa da rufewa, da kason da suke cira idan an sayar da aiki, da hotunan baje kolin da suka yi a baya.

Yanzu tambayarki ta biyu, wadda ita ce ta fi taɓa ni, domin na daɗe ina jin ta daga bakin ɗalibaina mata. Ba ke kika fara wannan fargabar ba. A watan Janairun 1943 Peggy Guggenheim, mai tara ayyukan zane, ta shirya baje kolin mata 31 a gidan baje kolinta na New York, cikinsu har da Frida Kahlo da Leonora Carrington da Dorothea Tanning da Louise Nevelson. An gayyaci Georgia O'Keeffe, wadda a lokacin tana cikin fitattun masu zane na Amurka, ta ƙi, domin ba ta son a sa ta a layin "mata masu zane", tana ganin ita mai zane ce kawai. Kuma ki lura da wani abu: kwamitin da ya zaɓi matan nan kusan duka maza ne, irin su Marcel Duchamp da André Breton da Max Ernst. Wato ko a baje kolin mata, idon da ya yanke hukunci na maza ne. Wannan shi ne ƙullin da gidajen baje kolin mata suka zo warwarewa daga baya.

Domin ki gane dalilin, sai mun ɗan koma baya kan yadda alƙalanci ya samo asali a harkar zane. A Faransa, a da, babban baje kolin Paris da ake kira Salon shi ne kasuwar da mai zane ke samun suna da masu saye, kuma kwamiti ne ke cewa wannan ya shiga, wancan ya koma gida. A 1863 sun kori ayyuka da yawa har ƙorafi ya kai ga sarki Napoleon na Uku, ya ba da umarni a yi wa korarrun baje kolinsu dabam, inda aikin Édouard Manet ya fito ya tayar da ƙura. A Landan, makarantar Royal Academy da aka kafa a 1768 tana da mata biyu cikin waɗanda suka kafa ta, Angelica Kauffman da Mary Moser, amma daga su ba a sake zaɓar mace a matsayin cikakkiyar mamba ba sai Laura Knight a 1936. Shekara 168 ke nan. Babbar makarantar zane ta Paris ba ta buɗe wa mata ƙofa ba sai 1897. To idan an hana ki makarantar da ake koyon abin da alƙalai ke nema, sannan alƙalan duka daga makarantar suka fito, ai an riga an gama shari'ar kafin a shiga kotu. Shi ya sa tun ƙarni na 19 mata suka fara haɗa nasu: ƙungiyar mata masu zane ta Landan ta yi baje kolinta na farko a 1857 kuma har yau tana yi duk shekara, Hélène Bertaux ta kafa ta Paris a 1881, ta New York kuma ta zo a 1889.

Gidajen irin wanda kika gani su 'ya'yan shekarun 1970 ne. A 1969 gidan tarihin Whitney na New York ya yi baje kolinsa na shekara-shekara, mata 8 kacal cikin masu zane fiye da 140. Shekara mai zuwa Faith Ringgold da Lucy Lippard da wasu suka yi ta zanga-zanga a ƙofar gidan har aka ɗaga kason mata ya haura kashi 20 cikin 100. Amma wasu suka ga cewa roƙo a ƙofar wani ba zai ishe su ba. A 1972 mata shida, Barbara Zucker da Susan Williams da Dotty Attie da Maude Boltz da Mary Grigoriadis da Nancy Spero, suka zazzaga ɗakunan aikin mata, suka haɗa mutum 20, suka kama hayar wani wuri a lamba 97 titin Wooster a New York, suka gyara shi da hannunsu, suka kira shi A.I.R. Gallery. Tsarinsu ya yi kama da adashi: kowa na zuba kuɗin wata, kowa na ba da lokacinta wajen tsaron wuri da sauran ayyuka, kuma kowa na da zagayenta na baje koli ita kaɗai. A 1973 aka buɗe SOHO20 a New York, da ARC da Artemisia a Chicago, da Woman's Building a Los Angeles wanda Judy Chicago da Sheila de Bretteville da Arlene Raven suka kafa. Ba duka suka rayu ba. Na Los Angeles ya rufe a 1991, Artemisia ta rufe a 2003. A.I.R. tana nan har yau, ta koma Brooklyn.

Wani zai ce ai wannan tsohon zance ne, yanzu an waye. Da ma haka ne. A 1984 gidan tarihin zane na MoMA da ke New York ya yi wani babban baje koli da ya ce na fitattun masu zane da sassaƙa na duniya ne, mata 13 cikin fiye da 160, abin da ya haifar da ƙungiyar Guerrilla Girls a 1985, masu rufe fuska suna manna alƙaluma a bangon birni. A 2019 kuma 'yan jarida biyu, Charlotte Burns da Julia Halperin, suka ƙirga abin da manyan gidajen tarihi 26 na Amurka suka ƙara a taskarsu daga 2008 zuwa 2018, suka tarar kashi 11 cikin 100 ne kawai aikin mata. Makarantun zane a can cike suke da ɗalibai mata, kamar yadda kika gani a ajinku, amma idan aka je inda ake saye da adanawa sai adadin ya zube. Muddin haka lamarin yake, ni ba na ganin gidan mata a matsayin kusurwar da ake tura wanda bai isa ba. Kuma ki tuna, a cikin baje kolin da kike son shiga, zama mace shi ne kawai sharaɗin ƙofa. Da zarar kin shiga, duk wanda kike gogayya da shi ya cika wannan sharaɗin, don haka babu mai iya cewa jinsi ne ya fifita ki a kan ɗaruruwan da aka ƙi.

Duk da haka ina ba ɗalibaina shawara ɗaya: kada takardar tarihin aikinki ta zama baje kolin mata zalla daga sama har ƙasa. Ki shiga na mata, ki shiga na kowa da kowa, irin gasar Life In My City ta Enugu da matasa ke shiga tun 2007, ki kuma nemi ƙungiyar mata masu zane ta Najeriya da ke shirya nata. Mai tsara baje koli idan ya duba takardarki yana son ya ga idanu iri-iri sun yarda da aikinki.

Game da kalmar da kika gani a sanarwar, ta waɗanda ba sa ɗaukar kansu maza ko mata: gidajen nan da sunan mata aka kafa su, daga baya cikin shekarun nan suka faɗaɗa sharaɗin, bisa hujjar cewa manufarsu ita ce buɗe ƙofa ga duk wanda jinsi ya zama sanadin rufe masa ita. A.I.R. da Woman Made duka haka suke rubutawa yanzu. A aikace babu wanda zai bincike ki ko ya nemi ki bayyana ra'ayinki a kan wannan. Mutum da kansa yake faɗin ko ya cika sharaɗin, ke kuma a matsayinki na mace kin cika. Abin da ya kamata ki sani shi ne aikinki zai rataya kusa da ayyukan da ke magana a kan jinsi da jiki da siyasa a fili, wani lokaci har da tsiraici, kuma sunanki zai fito a shafinsu tare da na sauran. Ki buɗe hotunan baje kolinsu na baya ki duba da idonki, ki yanke wa kanki ko wuri ne da kike son a ga aikinki. Na san mata masu riƙo da addini da suka shiga da aikinsu na lulluɓi da rubutun ajami ba tare da sun sauya komai ba, na kuma san waɗanda suka duba suka ce ba wurinsu ba ne. Duka biyun ina girmama su.

Akwai wani gefe na tarihin da ya shafe ki kai tsaye, kuma gidajen su kansu ba sa ɓoye shi. Ƙungiyoyin farko yawancinsu na fararen mata ne masu ɗan hali. Cikin mutum 20 da suka kafa A.I.R., Howardena Pindell ce kaɗai baƙar fata, kuma ta yi magana a fili daga baya kan yadda ake ɗaukar batun launin fata a matsayin abin da zai raba kan mata. Baƙaƙen mata sun riga sun haɗa tasu ƙungiyar a 1971 mai suna Where We At, da su Kay Brown da Dindga McCannon da Faith Ringgold. A 1980 Ana Mendieta, 'yar asalin Cuba, tare da Kazuko Miyamoto da Zarina, suka shirya baje koli a cikin A.I.R. ɗin kanta na matan da asalinsu ƙasashe masu tasowa ne, don su nuna wa 'yan'uwansu wanda aka bari a baya. Abin ya sauya sosai tun daga lokacin, amma wani tarko ya maye gurbinsa, kuma shi nake so ki kiyaye. Alƙali daga can yana iya zuwa da hoton "matar Afirka" a kansa: wahala, auren wuri, tulu a ka. Mai zane da ta gane haka sai ta fara zana abin da take zaton ana so. Kada ki yi. Aikin da aka yi don a burge baƙo yana da wari, alƙali mai ido yana jin sa, kuma ko ya karɓa, kin sayar da shekarun da ya kamata ki yi kina gano muryarki.

Inda gidajen mata suka yi miki babban aiki shi ne batun zare da yadi. Kafin su, manyan masu sharhi suna raba abu biyu: fenti da sassaƙa su ne fasaha, saƙa da ɗinki da rini da ginin tukwane kuma sana'ar hannu ce ta mata, ba ta cancanci bangon gidan tarihi ba. Su Miriam Schapiro da Faith Ringgold suka rushe wannan katangar da gangan, suka shigo da ƙyalle da allura tsakiyar zaure. Mu nan mun san darajar abin tun da daɗewa. Ladi Kwali ta shiga cibiyar tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954 da gwanintar da ta koya wurin gwaggonta, kuma yau hotonta ne a bayan naira 20. Don haka aikinki na zare a kan yadi ba baƙo ba ne a irin wannan gida, yana cikin abin da suka yi yaƙi a kansa.

To, yadda ake tantancewar. Na zauna a wannan kujerar, kuma abin da zan gaya miki shi ne alƙali ba aikinki yake gani ba, hoton aikinki yake gani, a fuskar kwamfuta, galibi ba tare da sunanki ba. Hotunan suna zuwa ɗaruruwa, guraben kuma ba su wuce 'yan gomomi. A zagayen farko kowane hoto daƙiƙoƙi kaɗan yake samu: e, a'a, wataƙila. Sai a zagaye na biyu ake karanta girma da kayan aiki da bayanin mai zane. A zagayen ƙarshe kuma alƙali ya daina tambayar wanne ya fi kyau, ya koma tambayar wanne zai zauna da wanne a ɗaki ɗaya. Na taɓa ajiye wani aiki da nake ganin yana cikin mafi ƙarfi a duk abin da aka turo, saboda faɗinsa zai cinye bangon mutum huɗu, kuma akwai wani da ya riga ya faɗi irin maganarsa a ƙaramin wuri. Na kwana da abin a raina. Mai aikin ta sami saƙon "muna baƙin cikin sanar da ke" irin na kowa, ba ta da hanyar sanin cewa sai a minti na ƙarshe ta fita. Ki riƙe wannan don ranar da irin saƙon zai zo miki, domin zai zo, yana zuwa wa kowa.

Saboda haka hoto shi ne rabin aikin. Ki ɗauka da hasken rana a inuwa, da safe ko bayan la'asar, ba da fitilar waya ba. Ki tsaya daidai tsakiyar aikin don kada gefensa ya karkace, ki yanke duk abin da ba aikin ba: tabarma, ƙafar kujera, yatsun mai riƙe miki. Kada ki rubuta sunanki a kan hoton, kada ki ƙara masa launin da babu a zahiri, domin idan aikin ya iso bai yi kama da hotonsa ba suna da ikon ƙin rataya shi. Tunda da zare kike aiki, idan an ba da damar hoton kusa ki yi amfani da ita, don a ga tudun ɗinkin. Daga nesa zare yakan koma kamar fenti, duk wahalarki ta ɓace. Girman aiki da inci ake rubutawa a can, inci ɗaya santimita 2.54 ne, kuma tsawo ake fara sawa kafin faɗi.

Ayyuka ukun da za ki tura su zama 'yan gida ɗaya. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya turo fuskar mutum ɗaya, da kasuwa ɗaya, da zanen da ba siffa ɗaya, don ya nuna ya iya komai. Wannan na jarrabawar makaranta ne. Alƙali yana neman wadda ta kama hanya ɗaya tana bi. Sannan ki karanta jigon baje kolin da gaske, kada ki ɗauko tsohon aiki ki sauya masa suna don ya dace. Ki binciki alƙaliyar: idan mai zane ce ki duba aikinta, idan mai tsara baje koli ce ki duba abin da ta saba zaɓa. Ba don ki kwaikwaye ta ba, don ki san ko wannan zagayen naki ne ko ki adana kuɗinki zuwa na gaba. Wannan binciken na awa ɗaya shi ya fi komai rage asara.

Bayanin mai zane kuma gajere ne, jimla huɗu ko biyar. Ki faɗi abin da aka yi aikin da shi, da abin da ya sa ki yin sa, da harshe mai sauƙi. Idan akwai kalmar Hausa a sunan aikin ki bar ta, ki fassara a gefe. Idan zaren na surfanin hula ne, ko yadin daga marinar Ƙofar Mata aka rino shi, ki faɗa, domin wannan bayani ne da alƙali ba zai iya gani da kansa ba. Ki nemi wanda ya iya Turanci sosai ya duba miki, amma kada ki bari ya cika shi da manyan kalmomin da ba naki ba.

Yanzu lissafin da na ce zan zo kansa, kuma a nan ne nake son ki fi natsuwa. Kuɗin tantancewa shi ne ƙarami a cikin kuɗaɗen. Idan an zaɓe ki, kusan ko'ina mai zane ce ke biyan kuɗin kai aiki da na dawo da shi, kuma sukan nemi takardar dawowa da aka riga aka biya tana cikin kwalin. Daga Najeriya zuwa Chicago da dawowa, aiki mai firam yana iya cin ninkin kuɗin shiga sau da yawa. Kafin ki biya ko sisi, ki auna aikin, ki je ofishin kamfanin aika kaya ki tambayi farashin zuwa da dawowa, ki haɗa da inshora, ki juya shi zuwa naira. Idan jimillar za ta sa ki ci bashi, ki bari. Ki kuma tabbatar katin bankinki yana biyan dala a intanet tun da sauran kwanaki, ba a fafe gora ranar tafiya, kuma agogon Chicago yana bayan namu da awa shida ko bakwai gwargwadon lokacin shekara.

Sa'arki ɗaya ita ce yadi yana naɗuwa. Faith Ringgold ta fara zana a kan ƙyalle marar katako a farkon shekarun 1970 bayan ta ga zanen addinin Buddha na yankin Tibet da ake naɗewa, kuma cikin dalilanta har da cewa za ta iya naɗe aikinta ta aika ko ta ɗauka da kanta ba tare da tsadar akwati ba. Ki yi irin nata: ki ɗinka wa aikin aljihu a sama ta baya inda za a zura sanda, ki naɗe shi fuskar tana waje don kada fenti ya tsage, ki sa a bututun kwali mai kauri. Amma ki rubuta musu tukuna ki tambaya ko suna karɓar aiki marar firam, domin yawancin sanarwa suna cewa aiki ya iso a shirye don ratayawa. Ki guji gashin tsuntsu da fatar dabbar daji da hauren giwa, hukumomin Amurka suna tsare su. Idan aikin na yumɓu ne ko itace da zai iya kama da tsohon kayan tarihi, ki nemi takardar izini daga hukumar gidajen tarihi ta ƙasa kafin ki kai shi wurin kwastan. Wasu gidajen suna da baje kolin intanet da ba ya buƙatar aika komai, wasu kuma suna yafe kuɗin shiga ga wanda ya nema. Tambaya ba ta cin kuɗi, kuma na ga an amsa da e.

Ki sa wa aikin farashin da ya haɗa da la'adar gidan, wadda a irin waɗannan wurare takan kai kashi 30 zuwa 50. Kada ki ɗora lissafinki a kan cewa za a saya, domin a baje kolin taro yawancin ayyuka gida suke komawa. Zaɓen kuma ba biza ba ne, ba dole ba ne ki halarta, kuma yawancin masu turo aiki daga nesa ba sa zuwa. Ribar da za ki iya dogara da ita ita ce layi ɗaya a takardarki mai ɗauke da sunan gidan da shekara da sunan alƙaliyar, da hotunan aikinki a rataye a bango mai kyau, da kuma cewa wata ƙwararriya ta tsaya a kan aikinki ta ce e. Wannan layin yana da amfani ranar da za ki nemi tallafi ko gurbin zaman aiki a waje ko karatun digiri na biyu. Idan aka ɗauke ki, ki rubuta wa alƙaliyar gajeriyar godiya, ki roƙi gidan hotunan zauren, ki bi sauran masu zanen da aka rataya ku tare, domin gayyata ta gaba sau da yawa daga cikinsu take fitowa.

Da ni ce ke, ga abin da zan yi a wannan shekarar. Zan ware kuɗin shiga biyu ko uku kawai na duk shekara, in ɗauke su a matsayin kuɗin da ya riga ya tafi. Zan zaɓi aikin zare guda uku masu naɗuwa waɗanda ba su wuce mita ɗaya ba, in sami mai kyamara mai kyau ya ɗauka mini su sau ɗaya, tunda hotunan za su yi mini aiki a wurare da yawa. Zan fara da baje kolin da jigonsa ya faɗo daidai kan abin da nake yi da ma, ko da sai na jira wata shida kafin ya fito. Ki turo mini hotunan ukun da bayanin da kika rubuta kafin ki biya, in duba miki.